Kujerar Ndagi a Ƙofar Maman Saratu

Ku da kuke zuwa rumfata koyon aiki, ina lura da ku. In aka ce a yanka soso kowa sai ya miƙe. In aka ce a ɗinka yadi har rige-rige kuke yi zuwa kan keke. Amma in aka ce a kai kaya gidan mai shi, sai kowa ya tuna bai yi salla ba. Ɗayanku har cewa ya yi, “Baba, wannan ai aikin ’yan dako ne. Abin da ya fita daga nan lafiya zai shiga can lafiya.” Ban ba shi amsa ba a lokacin, domin bakina cike yake da ƙusa. Yanzu na tofar. Rumfa ba ta da ƙofa, ɗana. Gidan mutane kuwa yana da ita.

Sunana Lawal. A Tudun Wadar Minna aka haife ni, amma mahaifina daga Katsina ya zo, aikin jirgin ƙasa ya biyo. Da na gama firamare aka kai ni wurin wani tsohon kafinta a bayan kasuwa. Na daɗe ban taɓa guduma ba. Tsohuwar taya ake ba ni da wuƙa in yanka ta siriri-siriri, robar da ake ɗamewa a gindin kujera kafin a ɗora soso. A nan na tarar da Ndagi, Banufe daga Bida. Ya riga ni zuwa da ’yan watanni, shi ya sa har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane shi ya koya mini aiki. Ranar da ya ji asalinmu sai ya ce, “Alhamdu lillahi, an kawo mini bawa.” Na ce ban taɓa jin Banufe ya mallaki akuya ba, balle Bakatsine. Kun san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. Daga ranar ba mu sake yi wa juna magana mai daɗi ba, kuma ba mu rabu ba.

Da aka yaye mu sai muka kafa rumfa ɗaya. Shi ne mai katako, ni ne mai soso da yadi. Shi zai haɗa ƙashin kujera, ya jijjiga ya ji ba motsi, ya turo mini da ƙafa ya ce, “Sa masa riga.” Hausar Ndagi ba ta san mace ba, kujera ma namiji ce a bakinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: zarto, guduma, awartaki, almakashi, wuƙar soso, da gwangwanin gam. Bindigar nan ta buga fin da kuke taƙama da ita daga baya ta zo. Ndagi yana da igiya guda da yake auna ƙofa da ita. Ƙulli ɗaya na faɗi, ɗaya na tsawo, ɗaya na lungun da za a juya. Ina da tef a aljihu, amma ya ce tef na masu mantuwa ne.

Wata shekara soso ya yi tsadar da mutane suka daina ba da aikin sabuwar kujera. Wanda tasa ta yage sai ya rufa mata zane. Muna zaune daga safe har la’asar ba wanda ya yi mana sallama sai mai shayi. A shekarar ce muka koma ɗaukar kayan masu ƙaura da kayan jeren amare, kujerun da wasu suka yi. Aikin farko a Tudun Wada ne, gida mai zaure. Ƙofar waje tana da faɗi, muka shiga muna murna, sai muka ga ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, an karkatar da ita don kada na titi ya hangi matan gida. Muka maƙale a tsakiya, kujera ba ta gaba ba ta baya, mai gidan kuma yana ciki yana son fita masallaci. Ta ƙarƙashinta ya rarrafo da farar riga. Ya yi mana kallo ɗaya ya wuce.

A wannan shekara muka koyi ƙofofin Minna. Sababbin gidajen Fadikpe ƙofarsu kyakkyawa, amma kana shiga sai bango ya tare ka. Gidajen haya na Kpakungu ɗakuna ne suna kallon juna, lungun tsakaninsu mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya yi gefe. Muka koyi cewa kafin ka ɗaga komai sai ka kwance ƙafafun kujera, ka cire ƙyauren ƙofa ka jingine. In ta ƙi shiga a kwance, ka tsayar da ita a kan hannu ɗaya, ka fara shigar da jinginarta, sannan ka murɗa ta a jikin ƙofar kamar kana rataya ƙugiya. Kuma baki ɗaya ne ke magana. Na gaba da baya yake tafiya, ba ya ganin komai, na baya shi ke gani, shi ke cewa ɗaga, sauke, murɗa. Kullum Ndagi ne a gaba. Ya ce ba a ba Bakatsine tafiya da baya, gaban ma da ƙyar yake yi.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na Maman Saratu ne, wata malamar makaranta ’yar kudancin Kaduna da ke haya a Kpakungu. Da rani ta zo ta ce tana son doguwar kujera mai zaman mutum uku, mai doguwar jingina da kaurin hannu. Ndagi ya je da igiyarsa ya dawo ya ce a kwance ba za ta shiga ba, lungun ya yi matsi, amma a tsaye za ta shiga, har da sauran yatsu biyu a sama. Ya yanka katakon malaina busasshe ya fara.

Abu ɗaya ya yi a kujerar nan da bai saba ba. Na zo da safe na tarar ya riga ni, ya gama ƙashin, ya rufe shi da buhu, har ya manna soso da kansa. Na ce yaushe Banufe ya fara shiga gonata? Ya ce, “Ina so ka ga yadda ake yi ne, kada in mutu in bar ka da jahilci.” Na duba, na ce soson ya karkace. Bai karkace ba. Ban kai ga ɗora yadi ba ya kwanta ciwo, aka tafi da shi Bida. Farkon damina aka aiko cewa ya rasu.

Kujerar ta zauna a lungun rumfa a rufe da leda. Maman Saratu ta zo ta’aziyya, ba ta tambaye ta ba. Sai da damina ta yi nisa ta dawo ta ce, “Malam Lawal, ka yi haƙuri, dangin wanda zai auri Saratu za su zo gaisuwa ranar Asabar. Tsofaffin kujeruna kuma na riga na ba ƙanwata.” Na ɗora yadi, na ɗinke, ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci na kira Danjuma mai a-kori-kura muka ɗora.

Muka kwance ƙafafu, muka cire ƙyaure, muka tsayar da ita a lungun. Na ce wa Danjuma ya ja. Kanta ya daki saman ƙofa. Muka sauke, muka juya ta a ɗaya hannun, ta sake daka. Ba ƙaramin abu ya rage ba, ya fi taƙi guda.

Maman Saratu ta ce, “Malam Lawal, ƙofar nan ce fa Ndagi ya auna. Ina tsaye.”

Na ce, “Ita ce, amma ta gajarce.”

“Ƙofa tana gajarcewa?”

“A Kpakungu tana yi.”

Na nuna mata ƙasa. A bakin ƙofar an ɗora bulo layi biyu an shafe da siminti. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, alhali tun ruwan farko take tsallake shi. Ta ce, “Au, wannan? Ai wannan ba ƙofa ba ce, maganin ruwa ne.” Ashe ruwan farko ya cika kwata ya shigo musu har ƙarƙashin gado, mai gidan ya kira birkila ya ɗaga dokin kowace ƙofa. Duk layin haka suka yi. Ba wanda ya ɗauke shi a matsayin abin faɗa wa kafinta, kamar yadda ba ka gaya wa tela ka sayi lema.

Nan da nan lungu ya cika da masu shawara. Wata ta ce a bi ta taga, taga kuwa ƙarfe ne a cikin siminti. Wani ya ce a yaye kwanon rufi a zuro ta ta sama, ya ɗaga kai ya ga hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya janye maganarsa. Aka ce a fasa bulon. Sai ga mai gidan, Alhaji Kolo, shi ma mutumin Bida, ya fito da carbi a hannu.

Ya ce, “Wanda ya taɓa bulo ɗaya shi zai kwana yana kwashe ruwa da kwano.” Ya dube ni. “Kai ne Bakatsinen Ndagi? An ce ubangidanka ya tafi, ashe shi ya sa aiki ya gagare ka.”

Na ce, “Haka ne, Alhaji.”

Ya tsaya yana jira in rama. Da ya ga ban rama ba sai ya mayar da carbin aljihu ya ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.” Muka ce amin.

Danjuma yana da wani kayan da zai ɗauka, sai duba sama yake. Ya ce, “Malam, ka zo da zarto ai. A raba ta biyu, a shiga, ka haɗa da guntun katako ta ƙasa. Wa zai leƙa?” Haka da yawa suke yi, kuma ba zan ce muku ba ta shiga ba. Na ce musu kujerar da aka yanka ba ta komawa daidai, shekara ɗaya za ta fara kuka in an zauna, ta biyu ta lotsa a tsakiya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da na faɗa musu.

Maman Saratu ta jawo ni gefe ta rage murya. “Na san ita ce ta ƙarshe da ya yi. Ni ma ba na so a yanka. Amma gobe kawun yaron zai zo, an ce mutum ne mai jiki, ba zan ɗora shi a benci ba. In aka bar ta a nan kuma ruwa ya dake ta, ba ni ba kai.”

Na ce ta ba ni zuwa magariba. Ba zan yanka ba, kuma ba za a fasa ba. Zan kwance jinginar daga mazaunin, ƙusa bayan ƙusa, mu shigar da su dabam-dabam, in mayar a ciki. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ba a son sa. Sai ka buɗe baƙin ƙyallen ƙasa, ka cire fin ɗaya-ɗaya ba tare da ka yaga yadi ba, ka naɗe yadin sama, sannan ka ɓamɓare soso daga gam a hankali da bayan wuƙa. Alhaji Kolo ya ce a kai ta barandarsa. Muna kifa ta yayyafi ya fara.

Ku da ba ku san aikin Ndagi ba, bari in gaya muku. Ƙusarsa a miƙe take shiga, kanta ya kwanta daidai da katako, kuma ba za ka ga tabon guduma a gefenta ba. Ko cikin kujeru ɗari aka kifa mini tasa zan nuna ta. Da na ɗaga buhun ta hannun hagu, haka na gani, tsaf. Na matsa tsakiya sai na fara ganin tabo, nan ɗaya, can biyu, inda guduma ta kuskure. Da na kai hannun dama, katakon duk ya ɗauki sawun guduma. Wata ƙusar ta lanƙwashe an kwantar da ita, an buga wata a gefenta, ita ma ta karkace, an ƙara wata. Inda ƙusa biyu ta isa ya sa biyar.

Na tsaya da awartaki a hannu. A kwanakin da yake wannan aiki ya koma ɗaukar kofin shayi da hagu, ina ta yi masa tsiya cewa Nufawa sun bar sunna. Ya ce damarsa ta gaji da ciyar da Bakatsine. Sai yanzu na san abin da ya sa ya yi sammako ya manna soso.

Danjuma ya leƙo ya ce, “Kai, wane yaro ne ya buga wannan?”

Na ce, “Riƙe mini nan.”

Alhaji Kolo ya sunkuyo ya duba, ya dube ni. Sai ya miƙe ya tsaya tsakanin kujerar da mutanen lungu, ya baza hannayen babbar rigarsa, ya ce, “Biki ake yi ne? Kowa ya je ya kwashe shanyarsa, ga ruwa nan.” Suka watse. Bai bar wurin ba har na gama.

Na jijjiga ƙashin yadda shi yake yi. Ko’ina ya riƙe, yawan ƙusar ya biya abin da hannun ya kasa, sai mahaɗar hannun dama, ita tana ɗan motsi. Na cire ƙusoshin da suka haɗa jingina da mazauni kaɗai, na jera su a kan dakali yadda suka fito. Sauran ban taɓa ba.

Jinginar ta shige ba gardama. Mazaunin kuwa sai mutum biyu, Danjuma kuma ya ce shi ba ya tafiya da baya a gidan da bai sani ba. Na kama gaba. Shi bai san abin da ake cewa ba, ni ba na gani, sai Maman Saratu ta karɓi magana da muryar aji. “Malam Lawal, ɗaga ƙafa. A’a, ɗayar. Danjuma, kai kuma sauke, ba buhun doya ba ne.” Duk da haka sai da diddigena ya gaisa da bulon Alhaji. Na zauna daɓas a tsakar falo da mazaunin a cinya, amma mun shiga.

Muna shiga ruwa ya kece. Ina mayar da ƙusoshi a ramukansu, ina ganin ruwan lungu yana tasowa, ja, ɗauke da ledoji da takalmin wani yaro. Ya zo ya daki bulon ya tsaya. Alhaji Kolo daga barandarsa ya ɗaga murya, “Bakatsine, ka ga aikin Nufawa?” Na ce na gani, Alhaji, kun iya tare ruwa, ku da kuka taso a cikinsa kamar kwaɗi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce yanzu ya yarda ni ne.

Da na zo mahaɗar hannun dama na ɗan daɗe. Kafinta na gari cire karkatattun zai yi, ya share wurin, ya buga sababbi. In kun zo jarrabawa a wurina haka zan ce ku yi. Ni dai na sa gam a mahaɗar, na ɗaure ta, na nemi sarari a gefen kowace tasa na buga tawa. Na jijjiga, ba motsi. Na mayar da buhu, na manna soso a inda ya manna, na ja yadi, na rufe baƙin ƙyalle. Kafin a kira magariba muka ɗaura ƙafafu muka miƙar da ita.

Maman Saratu ta zauna a tsakiya, ta tashi ta koma gefe, ta ɗan yi tsalle a kai kamar yarinya. Ta ce, “Ka ga wani abu a ciki ne? Na ga ka daɗe.”

Na ce, “Aikin Ndagi ne, sai an bi shi a hankali.”

Daga baya ta aiko mini da tuwon biki, da saƙon cewa kawun ya zo, kuma ya fi yadda aka faɗa. Ya zaɓi gefen dama, ya jingina da hannun, ana cikin maganar aure barci ya ɗauke shi, sai da aka tashe shi ya sa albarka.

Amma kafin in fita a ranar ta yi mini tambayar da ta sa nake ba ku wannan labari. Ta ce, “To Malam Lawal, ranar da zan tashi daga gidan nan fa? Yaya za ta fita?” Na ce ta aiko rumfa. In ina nan zan zo, in ba na nan akwai yara.

Ku ne yaran. Ba mai shiga gidan nan da zarto. Ku kifa ta, ku buɗe ta ƙasa, ku cire ƙusoshin jingina kaɗai, ku jera su yadda suka fito. A hannun dama za ku ga ƙusa biyu-biyu, karkatacciya da miƙaƙƙiya gefe da gefe. Ba su tare muku hanya ba, ku bar su yadda kuka same su. In wani ya leƙo ya tambaya wa ya buga karkatattun, ku ce Bakatsine ne. Ndagi ya daɗe yana gaya wa mutanen garin nan haka, ba wanda zai yi musu.